Kisa Ranar Asabar, Baftisma Ranar Lahadi

Guduma ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunsa, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa. Duk wanda ya ga ƙarya a labarin nan ya je ya tambaye shi da kansa, in yana da haƙoran da ya gaji da su.

An ce ranar da aka haife shi, ungozoma ta ɗan mare shi don ya yi kuka, sai ya rama. Ban gani da idona ba, don ya girme ni da shekara uku, amma na ga matar daga baya, kuma lallai bakinta a karkace yake. Ni na daure da makaranta har aji biyu na sakandare. Shi a aji huɗu na firamare ya kammala nasa karatun, ranar da malamin lissafi ya ɗaga bulala, shi kuma ya ɗaga benci da yara uku a kai.

Da ya girma ya samu aikin da aka halicce shi dominsa, wato fasa matattun motoci a wani fili bayan tashar manyan motoci. Wurin bodi ne a kan bodi, ƙasa ta sha baƙin mai har ta daina shan ruwan sama, fasassun gilasai ko'ina. Sauran ma'aikata da wuta suke yanka ƙarfe. Shi ya ce wuta ta ragwaye ce, ya riƙe wata guduma da mutum biyu ke kamawa su ɗaga, daga nan sunan ya bi shi. In aka kawo bas da safe, kafin rana ta take ba za ka iya rantsewa cewa mota ce ba.

Da a ƙarfe kaɗai hannun ya tsaya, da babu labari. Wani kwandasta ya taɓa ture Gwaggo a ƙofar mota, Guduma ya fitar da shi ta tagar da ko akuya ba za ta wuce ba. Wani mai ƙaton baki ya zage shi a wurin shan shayi, ya cizge masa kunne, ya naɗe a takarda, ya miƙa masa ya ce ya yi sauri asibiti ko za su iya mayarwa. 'Yan sanda in za su zo kama shi su shida suke zuwa, biyu na kamawa, huɗu na kwasar biyun. Ni kaina wannan tabon na goshina nasa ne, don kawai na ce kansa ya yi kama da tankin mai.

Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa ɗaga wa hannu ba, ƙanensa Auta. Auta direban babbar mota ne, magidanci mai 'ya'ya mata biyu, mai sanyin da in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Ban da Gwaggo, shi ne mai zuwa coci a gidan. Ya shiga ajin baftisma ya gama, an sa ranar da za a tsoma shi a ruwa. Saura kwana tara ya kai motarsa wurin Mai Faci a bakin tasha don a gyara masa tayar baya.

Irin tayoyin nan na manyan motoci suna da zoben ƙarfe da ke riƙe su a jikin wili. In za a ba su iska, sai an tabbatar zoben ya zauna, a kuma ɗaure tayar da sarƙa, don in ya ƙwace kada ya tashi. Ran nan motoci uku ke jiran Mai Faci, direbobi suna masa ihu. Bai ɗaure ba. Ya jona iska, Auta ya sunkuya yana duba tayarsa. Ƙarar har filin su Guduma aka ji ta. Zoben ya sami Auta a fuska, ya ɗaga shi sama, ya maka shi da jikin motarsa. Kafin a kawo abin ɗaukarsa ya cika.

Mai Faci ya bar garin a ranar. Guduma ya zo ya tarar da rumfa babu kowa, sai ya kashe rumfar. Ya karya ginshiƙan, ya yage kwanon da hannu, ya ɗauki injin iska ya jefa a kwata. Ranar jana'iza, lokacin da Fasto ke wa'azi, shi yana can yana zagaya tasoshi yana shaƙe wuyan mutane ko sun ga Mai Faci. Abin da kawai ya shiga kunnensa shi ne maganar wata tsohuwa a wurin zaman makoki. Ta girgiza kai ta ce, “Kaico, saura kwana tara, bai shiga ruwa ba.” Guduma bai tambayi kowa ba, don tambaya ba halinsa ba ce. Shi kaɗai ya yanke hukunci a ransa cewa Auta yana wuta, kuma Mai Faci ne ya aika shi.

Bayan wata takwas Mai Faci ya dawo, ya rame kamar an tsotse shi, ya sake kafa rumfarsa. Duk tasha aka zuba ido ana jiran gawa. Maimakon gawa, sai ga Guduma ranar Laraba da yamma a ajin baftisma, ya yi wanka, ya zauna a benci ya cinye wurin mutum huɗu. Gwaggo ta yi rawa a tsakar gida har zaninta ya kwance. Fasto, wani gajeren dattijo mai tabarau, ya karɓe shi hannu biyu. Wata uku yana zuwa bai fasa ko sau ɗaya ba, kuma tambaya ɗaya tak ya yi.

“Fasto, in mutum ya shiga ruwan nan, abin da ya yi a baya ya wuce?”

Fasto ya ce, “Wanda ya tuba da gaske, ya ba da gaskiya ga Yesu, an binne tsohon mutum ke nan, ɗana.”

“Duka?”

“Duka.”

“Har na jiya?”

“Har na jiya.”

Farkon amsar ya bi iska. Ƙarshenta ne ya zauna a kan nan mai kama da tankin mai.

Ranar Juma'a, saura kwana biyu a yi baftisma, na leƙa filin na same shi zaune kan wata kujerar mota yana cin burodi. Ya ce in zauna. Ya gutsura mini, abin da bai taɓa yi ba, sai gabana ya faɗi.

Ya ce, “Ɗan Kawu, gobe da yamma zan kashe Mai Faci. Jibi ƙarfe tara na safe a tsoma ni.”

Na yi dariya har burodi ya sarƙe ni. Da na ɗaga kai na ga shi ba dariya yake ba.

Ya ce, “Na yi lissafi. In na kashe shi da wuri, 'yan sanda za su kama ni kafin Lahadi. In na bari sai bayan Lahadi, na ɓata sabon wanka. Amma gobe da yamma, in na gama sai in shige cikin waccan matacciyar bas in kwanta. Da safe in fito in shiga ruwa. Bayan nan su rataye ni in suna so, na riga na fita tas.”

Na ce, “Kai da aka kora a ajin lissafi, yau kai ne mai yi wa Allah lissafi?”

“Kuma na bincika,” ya ce, kamar ban yi magana ba. “Shi ma ba a yi masa baftisma ba. Inda ya aika Auta, can zai je ya same shi.” Ya ɗora hannu a wuyana a hankali, kamar mai auna kankana. “In ka buɗe bakin nan naka, ku biyu zan haɗa. Ruwan zai ɗauke duka.”

Asabar da sassafe na ruga gidan Fasto. Matarsa ta ce ya tafi gai da wani maras lafiya a bayan gari, sai yamma. 'Yan sanda kuwa na san in na je za su ce in dawo in an yi kisan. Sai na wuce wurin Mai Faci na gaya masa komai, na ce ya kama hanya. Yana durƙushe gaban rabin duron da yake tsoma tif a ciki don ya ga inda iska ke fita. Bai ko ɗago ba.

Ya ce, “In je ina? Wata takwas ina gudu, ba na barci. Bari ya zo.”

Na rasa yadda zan yi, da yamma ta kusa sai na shige bayan tarin tsofaffin tayoyi na tsuguna. Ba tsoro ba ne, na ga dai daga nan an fi ganin komai.

Ƙarfe huɗu Guduma ya iso, hannu wofi. Masu shayi suka kwashe kofunansu, direbobi suka hau saman motoci kamar an saki zaki. Mai Faci ya ce ya gaji da gudu, amma jiki bai yarda ya mutu a banza ba. Ya zabura ya ɗauki liba, dogon ƙarfen nan na ɓalle taya, ya zuba wa Guduma a kafaɗa. Na ji ƙarar kamar an doki duro. Guduma ya dubi kafaɗar, ya dubi mutumin, ya kama hannun da ke riƙe da ƙarfen ya murɗa. Ƙashin ya ce ƙas, Mai Faci ya kurma ihun da ya tashi tsuntsayen tasha. Guduma ya ɗaga shi sama ya maka a kan wilin tirela, ya sake ɗagawa ya maka a ƙasa. Ya naushe shi a baki, haƙora biyu suka faɗo kusa da ƙafata. Sannan ya ja shi ta ƙafa, kansa yana karo da duwatsu, har gaban rabin duron.

Ruwan nan baƙi ƙirin ne, ya yi wata ba a canza shi ba. Guduma ya damƙi ƙeyarsa ya danna kan a ciki. Ya ɗago shi. “Ina ƙanena?” Ya sake dannawa. Ƙafafun Mai Faci suna harbin ƙasa, ruwan ya koma ja. Ya ɗago shi. “Kwana tara! Kwana tara ka kasa bari!” Ya danna na uku, wannan karon ya hau da gwiwa a bayansa, bai da niyyar ɗagowa. Kumfa tana tasowa, manya, sannan ƙanana, sannan ɗaya-ɗaya. Mutum fiye da ɗari suna kallo, babu wanda ya motsa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Shi dama ba ya shawara da ni.

“Guduma! Sau nawa ka tsoma shi?”

“Matsa, Ɗan Kawu!”

“Na ƙirga, sau uku ne! Kai da ka yi wata uku a aji, sau nawa Fasto ke tsoma mutum a cocinku?”

Ya juyo da jajayen idanu. Hannun bai saki ba.

“Ka yi masa baftisma, wawan banza! In ya mutu yanzu sama zai wuce kai tsaye, ko layi ba zai bi ba. Kai kuma ka tashi a tutar babu!”

Ya daka mini tsawa, “Ban faɗi kalmomin baftisma ba!”

“Ni na faɗa! Daga nan bayan tayoyi, duka ukun, har da amin!”

Ƙarya nake, ko ta ina ake fara kalmomin ban sani ba. Amma Guduma ya fizgo mutumin daga ruwan kamar wanda ya taɓa wuta. Ya shimfiɗa shi a ƙasa yana jijjiga shi yana marinsa. “Kada ka kuskura ka mutu! Tashi, ɗan banza, ba inda za ka!” Ya danna masa ciki da hannu biyu, na tabbata haƙarƙari biyu a nan suka tafi. Mai Faci ya yi wani kakari, ya amayar da baƙin ruwa da jini. Idonsa bai gama buɗewa ba, lafiyayyen hannunsa ya faɗa kan libar da ke yashe. Ya kawo ta da duk sauran ƙarfin da ya rage masa.

A gefen kai ta sami Guduma. Fatar ta buɗe daga kunne har tsakiyar kai, jini ya yi tsiri. Ya tsaya a kan gwiwa kamar mai tunani, sannan ya kife.

Shekara talatin da wani abu na san mutumin nan, ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ran nan. Ya shafa kansa, ya ga hannun, ya fara rarrafe zuwa duron. “Ɗan Kawu, tsoma ni! Mutuwa zan yi, tsoma ni, ka faɗi kalmomin!” Ya kama bakin duron zai ja jikinsa, nauyinsa ya rinjaya, duron ya kife, ruwan ya malale a ƙasa. Sai ga ƙaton nan yana yakutar taɓo da yatsu yana shafawa a fuska, yana kuka, yana cewa saura kwana ɗaya. Na ce zan yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa.

A bayan akori-kura ɗaya muka loda su, kamar buhuna. A asibiti aka ba su gado biyu a jere, don babu wasu. Likita ya yi wa Guduma ɗinki saba'in, ko da yake nas ta ce ashirin da bakwai ne, amma ita ba ta tsaya kusa kamar ni ba. 'Yan sanda suka zo, wannan karon mutum ɗaya ya isa, ya ɗaure masa ƙafa da ankwa a jikin gado. Ƙarfe tara na safiyar Lahadi ta zo ta wuce yana kallon silin.

Da rana Fasto ya shigo, ya riga ya ji komai a bakin Gwaggo. Ya fara tsayawa kan Mai Faci ya yi masa addu'a, sannan ya juyo.

Guduma ya ce, “Fasto, ko kofi ɗaya ne a zuba mini. Shi an yi masa, ni ba a yi mini ba.”

“Wa ya yi masa?”

Ya nuna ni. Dole na faɗi gaskiya. Dattijon nan ya kama kunnena ya murɗa har na ga taurari da rana, ya ce na ceci rai da ƙarya, za mu yi maganar wannan daga baya. Sannan ya ja kujera ya zauna.

“Kai mai fasa motoci ne. In aka kawo maka motar da injinta ya mutu, ka wanke ta da sabulu, za ta tashi?”

“A'a.”

“To ruwa ba ya gyara inji. Yesu ne mai ceto, da jininsa, ga wanda ya tuba ya dogara gare shi. Baftisma umarninsa ce, ba abin wasa ba ce, amma jana'iza ce. Wanda ya riga ya mutu ake binnewa. Kai naka tsohon mutumin lafiyarsa ƙalau, jiya ma ya karya hannun mutum. Da na tsoma ka yau, da jiƙaƙƙen mai kisa ka fito.”

 Guduma ya ce, da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba, “To Auta fa?”

Fasto ya cire tabarau. “Dama abin da ke cinka ke nan? Auta a gabana ya ba da gaskiya, a kan bencin da ka yi wata uku kana zama. Yana kan hanyar shiga ruwan, mutuwa ta tare shi, ba ƙi ya yi ba. Kana tsammani wanda ya mutu dominsa zai kore shi saboda kwana tara? Na faɗi wannan ranar jana'iza. Kana can kana shaƙe mutane.”

Kukan da Guduma ya yi, sai da nas ta leƙo ta ga ko tirela ce ta shigo ɗakin. Gadon yana rawa, ankwa tana ƙara. Da ya lafa, sai muka ji murya daga gadon kusa, ta cikin kumburarren baki.

Mai Faci ya ce, “Sarƙar tana rataye a ƙusa. Taku biyu daga inda nake. Kullum in na rufe ido sai na gan ta.”

 Guduma ya juya fuska bango. Fasto ya tashi ya ce masa ba mutuwa zai yi ba, ya gama da alƙali, ya daidaita da maƙwabcin gadonsa, sannan ya dawo aji daga darasin farko.

Alƙali ya ba shi wata shida. Hannun Mai Faci bai sake miƙewa daidai ba, ba ya iya ɗaga tayar babbar mota. Da Guduma ya fito, wata safiya aka gan shi a rumfar yana mirgino taya, babu sallama babu bayani. Tun daga nan kullum sai ya yi awa biyu a can kafin ya wuce filinsa. Ba sa hira. Amma ko tayar keke aka kawo sai ya ɗaure ta da sarƙa, kuma direban da ya ce a yi sauri, kallo ɗaya yake masa ya koma mota ya jira.

Sai da shekara ta zagayo aka yi masa baftisma, a tankin siminti na bayan coci. Dattawa huɗu suka taya Fasto kwantar da shi, rabin ruwan ya zube waje ya jiƙa mawaƙa. Ya fito cikin farar riga, tabon kansa yana sheƙi, Gwaggo tana kuka tana tafi.

Ni kuwa dole in gwada aikin. Na matso a gaban jama'a, na tattara ƙarfina, na ɗauke shi da mari a ƙeya, irin wanda ake ji har bakin titi. Waƙa ta tsaya cak. Dattawa suka ja da baya. Hannun nan ya tashi sama, a dunƙule, ruwa yana ɗiga daga gwiwarsa, na fara tuba daga zunubaina da sauri. Ya tsaya a can sama. Guduma ya dube shi, ya sauke shi a hankali, ya nemi aljihu a rigar bai samu ba, sai ya kama shi da ɗaya hannun ya riƙe.

Ya sunkuyo kunnena ya ce, “Hannun yana nan yadda ka san shi, Ɗan Kawu, ruwan bai rage masa komai ba. Ka je ka gode wa wanda ya riƙe shi. Kuma ka matsa daga nan kafin a gama waƙar.”

Na matsa.